Na haɗa shirina na farko a Verilog, amma babu abin da ya fito a allo

Ɗalibi daga Aboabo:
Assalamu alaikum. Ina karatun injiniyan kwamfuta a nan Kumasi, kuma na fara koyon Verilog, harshen da ake bayyana da'irar lantarki da shi, da manhajar Icarus Verilog. Na rubuta maƙirgi mai bit 4, wanda ya kamata ya riƙa ƙirga daga 0 zuwa 15 a duk bugun agogo. Na rubuta `iverilog -o kirga kirga.v`, bai nuna kuskure ba, sannan na rubuta `vvp kirga`, sai ya dawo nan take ba tare da ya rubuta ko harafi ɗaya ba. Don Allah, ina matsalar take?

Injiniya daga Asawase:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Manhajarka lafiya lau take. Abin da ka rubuta bayanin da'irar lantarki ne, ba jerin umarni irin na C ba, kuma da'irar da babu wanda ya ba ta agogo tamkar rediyo ce da ba a saka mata batir ba. Layin `always @(posedge clk)` yana jiran `clk`, wato siginar agogo, ya tashi daga 0 zuwa 1, to da yake babu mai motsa shi, sai `vvp` ya ga babu sauran abin yi, ya rufe.

Sai ka rubuta fayil na biyu, na gwaji, wanda ba shi da mashiga ko mafita, ka kira maƙirginka a cikinsa. Ka ba `clk` ƙimar 0 a cikin `initial`, ka sa `always #5 clk = ~clk;` domin ya riƙa juyawa, ka sa `$monitor` domin ya rubuta ƙima duk lokacin da ta canza. Kada ka manta da `#200 $finish;`, domin idan babu shi agogon ba zai taɓa tsayawa ba. Ka haɗa fayilolin biyu a umarni guda. Ina kuma ba ka shawara ka ƙara `$dumpfile` da `$dumpvars` tun yanzu, ka buɗe fayil ɗin VCD da suke samarwa da GTKWave, manhajar da ke nuna canjin ƙima a zane, domin ido ya fi saurin gane kuskuren lokaci a zane fiye da a jerin lambobi.

Ɗalibi daga Aboabo:
Na gode, Yaya, Allah ya saka da alheri. Yanzu agogo yana bugawa, sai dai maimakon lambobi `xxxx` nake gani daga farko har ƙarshe, kuma a GTKWave layin maƙirgin ja ne gaba ɗaya.

Malama daga Ayeduase:
Wannan `x` ɗin yana nufin ƙimar da ba a sani ba. A Verilog duk `reg` (rijista, wato ma'ajiyar ƙima) da ba a ba shi ƙimar farko ba da `x` yake farawa, kuma idan ka ƙara 1 a kan abin da ba a sani ba, sakamakon ma ba a san shi ba, shi ya sa ya maƙale. Ka ƙara mashiga mai suna `rst` wadda take mayar da maƙirgin 0, ka ɗaga ta a fayil ɗin gwaji na tsawon bugu biyu, sannan ka sauke ta. A cikin ɓangaren da agogo ke tafiyarwa ka yi amfani da `<=` maimakon `=`. A maƙirgi guda ba za ka ga bambanci ba, amma ranar da ka jera rijista biyu ko uku, bambancin zai bayyana.

Injiniya daga Asawase:
Maganar Malama ita ce daidai. Abin da zan ƙara shi ne, `#5` da `$monitor` na kwaikwayo ne kawai, don haka ka bar su a fayil ɗin gwaji. Idan ka kai ga ɗora aikin a kan FPGA, wato guntun lantarki da ake iya tsara da'irarsa, fayil ɗin maƙirgin kaɗai za ka miƙa wa manhaja irin Yosys ta mayar da shi ƙofofin lantarki. Ka gwada gyaran, ka turo mana hoton zanen mu gani ko ya koma 0 bayan 15.