Ta yaya zan ƙara wa sojan labarina girma ba tare da na yi ƙarya ba?

Assalamu alaikum marubuta da 'yan uwa sojoji, don Allah ku taimaka mini. Wata biyu ke nan na tsaya cak a babi na 14.

Jarumin labarina ya fito daga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, da tauraro ɗaya a kafaɗa, shekararsa 24. Ina so labarin ya ƙare yana Manjo, amma duka abin da ke faruwa bai wuce shekara huɗu ba. Na san yadda aka saba: ya yi bajinta a daji, ya ceto 'yar wani babba, washegari a liƙa masa sabon anini. Zuciyata ta ƙi yarda da wannan, domin ƙanin mahaifina soja ne, na ga yadda yake kwana kan littattafan jarrabawar ƙarin girma, ga kwas a Jaji.

Na duba tarihin Gowon, wanda ya tashi daga Laftanar Kanar zuwa Manjo Janar a 1967, amma shi shugaban ƙasa ne lokacin.

To in tsallake shekaru ne a tsakiyar littafin, ko in bar shi a Kyaftin? Kuma bajinta a fagen daga tana gaggauta ƙarin girma kuwa? Na gode.