Wasan bidiyo na cinye min ranar hutu, in sayar da na'urar ne?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Duk ranar da ba na fita aiki nakan tashi da tsari: rahoton da ake jira a ofis, famfon da ke yoyo, sannan zama da yara. Sai in ce bari in buga wasa ɗaya tak na ƙwallon ƙafar EA Sports FC kafin in fara. Ɗaya ya zama biyu, kafin in ankara rana ta yi sanyi. Rahoto bai motsa ba, yarona ya gaji da kawo min littafinsa, uwargida kuwa ta daina magana, ido kawai take bi na da shi. Abin da ya fi ɗaure min kai, bayan awa ta farko ba daɗin wasan nake ji ba, hannu ne kawai ke tafiya. In sayar da PlayStation ɗin in huta?

Maman Ikram:
Wa alaikumussalam. Ka yi haƙuri Abban Khalifa, gaskiya ɗaci gare ta: shirun nan nata ya fi faɗa hatsari. Mace idan tana mita, tana sa ran za ka gyara ne. Gangar jikinka na falo, hankalinka na kan allo, a wurinta daidai yake da ka fita. Ka gaya mata da bakinka lokacin da za ka tashi, kuma ka tashi ɗin.

Malam Bashir:
Ni ban ga laifin na'urar ba. Ka sayar da ita yau, gobe waya za ta maye gurbinta. Rahoton nan kake gudu. Masu binciken halayyar ɗan'adam irin su Fuschia Sirois da Tim Pychyl sun yi bayani a 2013 cewa jinkirta aiki hanya ce ta kauce wa damuwar da aikin ke jawowa a lokacin, ba lalaci kawai ba. Wasan yana kwantar maka da hankali na ɗan lokaci, damuwar ta dawo ta ninka. Shi ya sa ka ce daɗin ya ƙare amma ba ka iya tashi, don tashi yana nufin fuskantar takardar.

Ka juya tsarin. Rahoto tukuna, minti 25 kacal da agogo a gabanka, sai hutun minti 5. Dabarar Pomodoro ke nan, wadda Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980. Kuma kada ka rubuta "gama rahoto" a jerin ayyukanka, rubuta "sakin layi na farko". Farawar ce mai nauyi.

Deeni:
Malam ya yi gaskiya, amma akwai abin da sai ɗan wasa ya sani. Yaya, a intanet kake bugawa ko da kwamfuta? In Ultimate Team ne, wato ɓangaren da kake haɗa ƙungiyarka ka kara da wasu a intanet, ba ka da ikon ajiye wasa ka tafi, in ka fita an rubuta maka rashin nasara. Ga ayyukan kullum masu lada, ga gasar ƙarshen mako. An gina shi ne don ka dawo. In an ci ka sai ka ce sai ka rama, in ka ci sai ka ce hannu ya yi zafi. Ranar da yara ke gida ka bar na intanet, ka ƙayyade yawan wasanni maimakon mintoci. Ka kuma ba Khalifa ɗaya abin bugawar, ku kara.

Maman Ikram:
Deeni, wato a ƙara mutum na biyu a gaban allo? Yaron littafi ya kawo, ba ƙwallo ba.

Deeni:
Anti, littafin farko, wasa daga baya. Na yarda.

Hajiya Binta:
Don kada wani ya tsorata ka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar wasan bidiyo a jerin cututtuka a 2019, amma da sharuɗɗa. Sai mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa kan komai, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, yawanci na tsawon wata 12. Ɓata ranar hutu bai kai nan ba. In ya fara taɓa barcinka da aikinka na sauran kwanaki, to ka ga likita.

Abban Khalifa:
Na gode ƙwarai. Deeni ya gano ni, Ultimate Team ne. Na'urar ta tsira a wannan karon. Malam Bashir, in minti 25 ɗin sun cika kuma rubutu ya fara tafiya, in tsaya ne ko in zarce?

Malam Bashir:
Zarce abinka. Agogon na tayar da kai ne kawai. Amma hutun minti 5 ɗin kada ka yi shi kusa da talabijin.