A taimaka don Allah: "aigrette" gashin tsuntsu ne ko ƙarfe?

Rukayya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kaina ya ɗaure, kuma jibi zan miƙa aikin. Ina fassara bayanan da ke ƙarƙashin hotunan tsofaffin kayan ado, guda 42, kowanne ba a yarda ya wuce kalma 30 ba saboda ɗan wurin da aka bari a shafin. Guda 41 sun wuce lafiya, har da na zobe da na abin wuya da nake jin tsoronsu. Na ƙarshen ne ya tsaya min a maƙogwaro. Abu ne na zinariya, faɗinsa kamar tafin hannu, a tsakiya koren dutse babba, sai sirarran sanduna bakwai da suka tashi sama kamar an buɗe mafici, kowacce da ƙananan duwatsu masu ƙyalli. An rubuta masa "aigrette". Na duba ƙamus na ga sunan tsuntsu ne, sai na rubuta "gashin balbela na ado". Mai duba aikin ya dawo min da shi da jan biro, wai ina gashin yake? Gaskiya ko sili ɗaya babu a hoton. Amma ai ba ni na ƙirƙiri ma'anar ba. Me kalmar take nufi, daga ina ta fito, me zan rubuta?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, mai jan biron nan yana da gaskiya, kuma kurenki biyu ne. Kalmar Faransanci ce, ana furta ta kusan "egret", kuma asalinta sunan tsuntsu ne, wannan ba musu. Ta fito daga tsohon harshen kudancin Faransa, inda "aigron" yake nufin zalɓe, "aigreta" kuma ɗan ƙaraminsa, tushen can ƙasa kuwa na tsoffin harsunan Jamusawa ne. Turawan Ingila sun are ta sau biyu. Da fari ta zama "egret", sunan tsuntsun. Daga baya suka sake ɗauko ta da rubutunta na Faransanci, suka ba abin ado.

Ma'anar hawa-hawa ta yi. Daga tsuntsun ta koma kan dogayen gashin da ke fito masa a gadon baya lokacin aure da saƙar sheƙa. Daga nan ta koma kan damin gashin da ake sokawa a hula ko a kitso. Daga nan sai duk abin da ya tashi sama ya bazu irin haka, ko da maƙeri ne ya yi shi da zinariya. A Faransanci har tukkun da ke kan mujiya kamar kunnuwa da wannan sunan ake kiransa, haka ma farin gashin da iska ke ɗaukar irin wasu ciyayi da shi. Siffa ake kallo. Naki yana hawa na ƙarshe.

Kure na biyu, balbela. Faransawa ba sa kiran balbela da wannan sunan, a wurinsu ita "zalɓe mai gadin shanu" ce, kuma gashin aurenta ruwan ƙasa-ƙasa ne, ba shi ake fatauci ba. Fararen zalɓe ake nema: babban, wanda gashinsa miƙaƙƙe ne har ya zarce jela, da ƙaramin na Amurka mai lanƙwasa a baki. Ki rubuta "adon rawani na zinariya mai siffar tukku", ki huta.

Hajiya Turai:
Malam, a ina ka ga rawani? Ba ta faɗi ƙasar da abin ya fito ba, ba ta faɗi shekara ba. Matan Turai ma sun soka irinsa a gashin kai a ƙarni na 18, suka sake dawo da yayinsa a ƙarshen na 19. Rukayya, amsar tana bayan abin. In akwai ɗan bututu a tsaye, buɗe ta sama, to a nan ake cusa gindin gashin, wato da can yana da gashi, asu ne ya cinye ko aka cire. Sai ki ce "mariƙin gashin tsuntsu". In doguwar tsinka ce mai kauri ko ƙugiyoyi da 'yar sarƙa, na kafewa a naɗin rawani ne. In haƙoran matsefi ne ko allura mai baki biyu, na mace ne. Ki kuma duba gindin sandunan nan bakwai. In a kan lanƙwasasshiyar waya suke zaune, an yi su ne don su riƙa rawa in mai shi ya motsa kai, to sandunan su ne madadin gashin, ba a taɓa sa masa wani ba.

Rukayya:
Hajiya, hoton gaba kawai aka ba ni. An rubuta ƙarni na 18, sauran layin ya yanke a kwafin. Kuma Malam, Allah ya ƙara sani, amma mai karatu ya san balbela, in na ce farin zalɓe sai na yi bayani, ga kalma 30 kacal. Tukku kuma ni kan yaro yake tuna min, ba kan sarki ba.

Ɗanliti:
Ni abin da ke ba ni haushi shi ne yadda masu kundin kayan tarihi ke lulluɓe komai da kalmar Faransanci ɗaya, alhali kowa da sunan abinsa. Daular Usmaniyya ta Turkiyya "sorguç" take cewa, Farisa "jiga", a Indiya akwai "kalgi" ga damin gashin, "sarpech" ga adon gaban rawani baki ɗaya. Dubi wanda Sarkin Musulmin Usmaniyya Salim na 3 ya ba Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, bayan yaƙin Nilu a 1798. Sunansa "çelenk", sandunansa 13 ne cike da daimon, a tsakiya da tauraro mai juyawa da inji irin na agogo. An sace shi daga gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich da ke Landan a 1951, ba a sake ganinsa ba. Shi ma "aigrette" suke ce masa. Ki nemo ƙasar, ki sa sunan asali, ki ƙara "adon kai".

Malam Habu:
Ɗanliti, kana so ta cire baƙuwar kalma ɗaya ta sa wata? Kuma "çelenk" lambar yabo ce ta jarumta, ba kowane adon rawani ba ne. In ta sa "sorguç" aka gano na wata mace ne a Paris, wa zai ɗauki kunyar? Rukayya, tukku da zanko duka na tsuntsu ne tun fil azal, ki dubi kan gauraka. Ba don mai karatu ya san balbela za a laƙa mata abin da ba nata ba.

Malama Jummai:
Tunda ana gyara, a haɗa da wannan, don kullum sai an cakuɗa su. "Panache" daban ne. Daga Italiyanci "pennacchio" ta zo, tushenta kalmar Latin ta gashin tsuntsu, kuma damin gashi ne mai kauri a saman kwalkwalin mayaƙi, galibi na jimina, irin farin da Sarki Henri na 4 na Faransa ya ce mayaƙansa su bi a yaƙin Ivry a 1590. Na jimina faffaɗa ne, mai laushi, yana rusunawa. Na zalɓe ƙashinsa siriri, silinsa a warwatse kamar zare, ba ya haɗe da juna. Masu sayarwa kuma sun ƙara dagula lissafi, domin a kasuwar Landan "osprey" suke kiransa, sunan wata gaggafa mai cin kifi da ba ruwanta da lamarin. Akwai kuma na jabu da gashin doki ko zaren gilashi.

Malam Habu:
Haka ne Malama. Dalilin da na gaske ya ɓace ke nan: gashin ba ya fitowa sai lokacin ƙyanƙyasa, sai a harbe iyaye a kan sheƙa, 'ya'yan su mutu da yunwa. A kan haka Emily Williamson ta kafa ƙungiyar kare tsuntsaye a Manchester a 1889, aka kashe mai gadin tsuntsaye Guy Bradley a Florida a 1905, Amurka ta yi dokar tsuntsaye masu ƙaura a 1918, Birtaniya ta hana shigo da gashin da dokar 1921. Ko akwai bututun a baya, yau wofi za ki tarar da shi.

Rukayya:
Na gode duka. Zan cire balbela tunda kun matsa, amma gashi zai zauna, don ita ce ma'anar farko. Na rubuta "adon kai na zinariya, gashin tsuntsu". Tukkun dai bai kwanta min ba.

Malam Habu:
To in mai jan biron ya sake tambayar ki ina gashin, me za ki nuna masa?

Hajiya Turai:
Ki roƙe su hoton bayan kafin jibi. Ko layin da ya yanke ma ya isa.