Bayan antibayotik, rob (nono mai tsami) zai gyara hanji ko sai kafso?

Maman Yara, Gadarif:
Assalamu alaikum. Idan antibayotik ya rikita wa mutum ciki, ga ƙugi ga zawo, rob da zabadi (yogot) sun isa su gyara hanjin, ko sai an sayi kafson furobayotik, wato ƙwayoyin amfani masu rai?

Mai haɗa magani, Wad Madani:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Bangon hanji shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta manne da juna, yauƙi ya lulluɓe su. Ƙwayoyin amfani da ke babban hanji su ke cin ɓawon abinci su fitar da butiret, wanda da shi bangon ke rayuwa. Antibayotik kuwa ba ya tantance nagari da mugu.
Biyu aka fi gwadawa a kan irin wannan zawo: Lactobacillus rhamnosus GG da Saccharomyces boulardii. Na biyun yis ne, antibayotik ba ya kashe shi, babba kan sha miligiram 250 sau biyu a rana. Na farkon sai a ba shi tazarar awa 2 da maganin. Sun fi amfani in an fara su tare da maganin. A duba cikakken sunan ƙwayar a jikin kwali, a kuma kiyaye su daga zafi, musamman da ɗaukewar wuta.

Ɗan Maiurno:
Rob na taimakawa, Yaya, in dai yana da rai. Kisra, gurasar dawa, ƙullinta ya yi tsami, amma wutar doka, wato kaskon gashinta, ta kashe ƙwayoyin. In za a haɗa zabadi a gida, a tafasa madara lita 1, a bari ta huce zuwa kusan digiri 43, a zuba zabadi sabo cokali 2, a rufe awa 6 zuwa 8. In an zuba da zafi ƙwayoyin sun mutu, ba zai kama ba. Ɗanyar madara kada a kusance ta, tana sa zazzaɓin malta. A haɗa da cin ful da adas (nau'o'in wake) da albasa, don su ne abincin ƙwayoyin.

Likita, Kassala:
Hajiya, ruwan gishiri da sukari ne farko: lita 1 na tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. In an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko murɗar ciki mai tsanani, a tafi asibiti, don ƙwayar cutar Clostridioides difficile kan biyo bayan antibayotik. Mai raunin garkuwar jiki da bakwaini kada a ba su furobayotik sai da izinin likita, ƙwayar na iya shiga jini.