Jan fenti a bayan firamare: wai tsakuwa ma'adini ce?

Ɗan Gindin Dutse: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake. Ranar Talata da hantsi na je gonar mahaifina da ke bayan firamare, na tarar an kakkafa fegi an shafa jan fenti a jikin duwatsu, har da falalen nan da iyayenmu mata ke shanya barkono a kai. Yaron da ke kiwo a wurin ya ce wasu ne suka zo da farar mota da wani abu mai ƙafa uku suna ta leƙawa. Laraba na je sakatariya, aka ce ciyaman yana Gusau. Na koma Alhamis, wani ma'aikaci ya ce kamfani ne zai kafa injin fasa tsakuwa, amma maganar ba ta hannunsu ta biyo ba. To ta hannun wa ta biyo? Za a yi haƙar ma'adinai a bayan ajin yaranmu, ba a tara mu ba, ko ci kanku ba a ce mana ba. Na san ba mai kula ni tunda ni ba ɗan kowa ba ne, amma dai na faɗa.

Direban Tifa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wane irin ma'adinai kuma? Tsakuwa ce fa. Shekarata goma sha ina dakonta, ban taɓa jin an kira ta ma'adini ba sai a bakinka. Ka san yadda kalmar nan take a Zamfara, kana faɗinta sai gaban mutane ya faɗi. Kada ka tada hankalin gari a kan dutsen da ake zuba daɓe da shi.

Malamin Firamare: Direba, a nan kai ne ba ka yi daidai ba. A dokar ma'adinai ta 2007, dutsen gini da tsakuwa da yashi duk suna ciki. Lasisin fasa dutse daga ofishin Kadasta na Abuja yake fitowa, wanda ke bayar da na zinare, kuma wa'adinsa shekara 5 ne, sai a sabunta. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya sa duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya.

Direban Tifa: Malam, ƙarƙashin ƙasa ka ce. Wannan dutse a saman ƙasa yake, kowa na ganinsa tun daga kan kwalta.

Malamin Firamare: Sashen ya ce a cikin ƙasa, da ƙarƙashinta, da samanta. Ba ni na rubuta ba.

Direban Tifa: To in ma'adini ce, a Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar nan, ba a ɗage ba sai Disambar 2024. Duk gine-ginen da aka yi a Gusau a shekarun nan da me aka yi su, da tuwon masara?

Alaramman Tsangaya: Ku yi haƙuri in sa baki. Kalmar ta Larabci ce, kuma malamanmu na Malikiyya da suka yi maganar zakkar ma'adini, a zinariya da azurfa suka tsayar da ita. Ban taɓa jin wanda aka ce ya fitar da zakkar tsakuwa ba.

Direban Tifa: Allah Ya ƙara wa Alaramma daraja. Magana ta ƙare.

Malamin Firamare: Allah gafarta Malam, babin zakka daban, dokar ƙasa daban. Ko a fiƙihun ma, gishiri da ƙarfe ana kiransu ma'adini, zakkar ce ba a ɗora musu ba.

Alaramman Tsangaya: To yanzu kuma fiƙihun za ka koya mini a waya?

Uwar Biyu: Ku kira ta duk sunan da kuka ga dama. Ni a ƙasar Anka aka haife ni. A 2010 ina can lokacin gubar dalma, da idona na ga yara suna sanƙarewa a bayan uwayensu. Sama da yara 400 aka rasa tsakanin Anka da Bukkuyum, su Dareta, su Abare, su 'Yar Galma. Bagega sai 2013 aka kwashe musu gurɓatacciyar ƙasa. Lokacin ma cewa aka yi ai dutse ne kawai ake niƙawa.

Direban Tifa: Hajiya, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, amma kada ki haɗa. Can dutsen zinare ne mai dalma, ana kawo shi cikin gida ana dakawa a turmi da injin niƙan hatsi, yara na wasa a cikin ƙurar. Ina ruwan wannan da wancan?

Ma'aikacin Asibiti: Gaskiya ne ba ɗaya ba ne, kuma bai kamata a tsorata mutane da dalma ba a inda ba a gwada dutsen ba. Sai dai ƙurar irin wannan dutse tana da nata ciwon. Ƙananan ƙwayoyinta na maƙalewa a huhu, su mayar da shi tabo-tabo, mutum ya riƙa haki ko tafiyar masallaci. Cutar ba ta warkewa, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Inda ake aikin da gaskiya ana fesa ruwa a bakin injin da kan hanyar motoci. Abin tambaya shi ne taku nawa ne daga fegin zuwa tagar aji, kuma ina iskar hunturu ke kaɗawa.

Tsohon Kansila: Ni dai abin da nika so a gane, tunda Malam da bakinai ya ce ma'adini ce kuma hurumin Abuja ne, to mi ya kawo sunan ciyaman cikin wagga magana? Yaro ya tashi ya ɗora wa bawan Allah laifin da ba nashi ba. Mun san masu turo su, tun zaɓe ba su huce ba.

Malamin Firamare: Honarabul, ban ce ƙaramar hukuma ba ta da ta cewa ba. Kafin a ba da lasisi sai an nemi amincewar mai filin a rubuce. A ƙauye kuma, dokar filaye ta 1978 ƙaramar hukuma ta ba ikon shaidar mallakar gona ta gargajiya. Kowace jiha tana da kwamitin ma'adinai da muhalli, kuma in ana maganar yankinku ana zama da wakilin ƙaramar hukumarku. Sannan dole kamfani ya yi binciken illa ga muhalli, ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya fara aiki. Wa ya sa hannu a madadinmu?

Ɗiyar Mai Goro: Ashe ɗazu da ake cewa ba ma'adini ba ce Honarabul ya yi shiru, yanzu da ya ga kalmar za ta wanke ubangidansa ya rungume ta. In tifa ta ɗauko tsakuwa, wa ke tare ta a shingen bakin kasuwa ya yanka mata rasit? 'Yan Abuja ne? Wajen karɓa tsakuwa ce, wajen tambaya ma'adini ce.

Tsohon Kansila: Ke yarinya, ki iya bakinki. Da mahaifinki munka yi makarantar allo.

Ɗiyar Mai Goro: Baba, ban zage ka ba. Tambaya na yi.

Direban Tifa: Rasit kam muna biya kullum, wannan ba ƙarya. Amma ni har yanzu ina kan bakana, ba ma'adini ba ce.

Na Tunga: Ku tsaya. Tun ɗazu nake ganin ana ta cewa yaranmu, garinmu. Dutsen nan a ƙasar tungarmu yake. Iyakarmu da ku kukar nan ce mai rami, kowane tsoho ya sani. In akwai diyya ko ɗaukar ma'aikata, mu za a fara nema.

Ɗan Gindin Dutse: Gonar kakana ce a wurin tun kafin a kafa tungarku.

Na Tunga: Aro aka ba kakanka. Je ka tambayi uban ƙasa.

Tsohon Kansila: Ku 'yan tunga ku fara kawo lissafin kuɗin burtsatse da anka tara bara tukuna. Gida-gida munka bi, har yau ko bututu ba mu gani ba.

Na Tunga: Kuɗin suna hannun ma'ajin kwamiti, kuma ɗan ɗakinka ne. Kada ka sa in sako hoton takardar a nan.

Tsohon Kansila: Sako ta! In ba ka sako ba kai ba ɗan halak ba ne.

Shugaban Zaure: A kiyaye harshe don Allah. Akwai iyaye a zauren nan.

Uwar Biyu: Ba wanda ya yi maganar matan da ke fasa dutse da guduma a gindin wurin. Maƙwabciyata bazawara ce, da shi take ci da marayu huɗu. Tun asuba take zama, ta naɗe yatsunta da tsumma, sai ta tara tuli mai baro ya zo ya saya. In inji ya zo aka kewaye da waya, ina za ta? Kuma nakiya fa? A yanayin da muke ciki na 'yan bindiga, a ajiye nakiya a bakin daji, wa zai tsare ta?

Direban Tifa: To kin ga, ita maƙwabciyar taki mai haƙar ma'adinai ce ke nan a lissafin Malam. Sai ta tafi Abuja neman lasisi.

Malamin Firamare: Ba'a ba hujja ba ce.

Direban Tifa: Ni hujjata samarin garin nan da ke zaune a tasha ba aikin fari ba na baƙi. Inji ɗaya zai ɗauki masu lodi da masu gadi, mai abinci ma ta samu. Mu kuma mu huta da dogon zango.

Ɗiyar Mai Goro: Yauwa, ga zancen ya fito. Ashe dogon zango ne.

Ɗan Gindin Dutse: Jama'a, saƙo ya haura ɗari, har yanzu ba wanda ya gaya mini wa ya shafa fenti a gonar mahaifina. Ko mutum biyar ne a samu mu je wurin uban ƙasa ranar Asabar.

Na Tunga: Gonar aro.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. An tattauna sosai kuma an fahimci juna. Mafi yawan masu magana sun nuna tsakuwa ba irin ma'adinin da ake tsoro ba ce, Alaramma ya kawo hujja daga littafi, ma'aikacin lafiya ma ya tabbatar babu dalma. An kuma gane cewa lamarin na Abuja ne, don haka mai girma ciyaman ba shi da hannu, ya kamata a daina ambaton sunansa. Aikin zai kawo wa matasa abin yi, kamar yadda ƙanena direba ya bayyana. Maganar burtsatse da ta iyaka a bar wa manya. Shi kuma ɗan'uwanmu da ya kawo ƙorafi muna ba shi haƙuri, nan gaba ya riƙa tantance kalma kafin ya rubuta. Na rufe zaure sai da safe.

Ma'aikacin Asibiti: Shugaba, kafin ka rufe. Ban ce babu dalma ba, cewa na yi ba a gwada ba.