Ma'aikaci mai inshora biyu: wacce za ta fara biyan kuɗin haƙori, tabarau da magani?

Akawu daga Zariya, Maraɗi:

Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da lissafi da takardun ma'aikata a wani kamfanin jigilar kaya nan Maraɗi. Muna da inshorar lafiya wadda ke biyan kashi 80 cikin 100 na kuɗin magani da aikin haƙori, ta kuma sanya iyakar jikka 50 (sefa dubu 50) ga tabarau. Wasu daga cikin ma'aikatanmu matansu na aiki a banki ko ƙungiyoyin agaji, don haka sunayensu na cikin wata inshorar ta biyu. Kwanan baya wani direbanmu mai ciwon suga ya yi tabarau na jikka 90, aka kuma cire masa haƙori, muka miƙa ainihin rasit ga kamfanin inshorarmu, da ya kai kwafi ga kamfanin inshorar maiɗakinsa sai aka ce ba a karɓar kwafi. Yau wata uku ke nan cikon kuɗinsa bai fito ba, kuma abin yana damuna domin na san albashinsa. Ina roƙon masu sani su nuna mini yadda ake tsara wannan lamari.

Tsohon ma'aikacin inshora, Bagalam:

Wa'alaikumus salam, Malam Akawu. Abin da ya kamata ku fara riƙewa shi ne, inshorar kuɗin asibiti mayar da abin da aka kashe take yi, saboda haka duk yawan kamfanonin da suka ɗauki nauyin mutum, jimillar abin da za su ba shi ba za ta wuce abin da ya biya ba. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, wato ƙungiyar da ke kula da harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka, wadda aka sanya hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, kuma dokar ta wajabta wa wanda ya yi inshorar abu guda a wurare da yawa ya sanar da kowane kamfani labarin sauran. Ku tambayi direban ko an taɓa sanar da kamfanin maiɗakinsa cewa yana da tasa inshorar, domin sau da yawa daga nan tsaikon yake farawa.

Abin da aka saba shi ne, kamfanin da ya rubuta mutum a matsayin ma'aikaci ya fara biya, sannan wanda ya rubuta shi a matsayin miji ko mata ya duba saura. Takardar da kuka rasa ita ce bayanin biya na kamfanin farko, wanda ke nuna kuɗin da aka gabatar, da abin da aka biya, da abin da ya rage a kan mara lafiya. Ku rubuta wasiƙa ku nemi wannan takarda da hatimi, ku haɗa ta da kwafin rasit da takardar likita. A iya zamana a wannan aiki, ita ce ke tsayawa a madadin ainihin rasit.

Sai kuma ku karanta yarjejeniyar ta biyu da idon basira, domin lissafin iri biyu ne. A ce iyakarsu ga tabarau jikka 60 ce. Wata yarjejeniyar za ta cike jikka 40 da suka rage gaba ɗaya, wata kuwa za ta cire jikka 50 da aka riga aka biya daga jikka 60 ɗinta, ta ba shi jikka 10 kawai. Gara ku faɗa wa bawan Allah wannan tun yanzu, kada ya riƙa cin bashi da sa ran kuɗin da ba za su zo ba.

Hajiya mai farmasi, Sabon Gari:

Malam, ni maganin sugan ne ya fi tsaya mini a rai, tun da tabarau sai an daɗe ake sauyawa, magani kuwa kowane wata ne. Mu a wajenmu kati ɗaya muke karɓa ga takardar magani ɗaya, kuma idan mutum ya karɓi magani iri ɗaya da kati biyu cikin wata guda, ana iya ɗaukar hakan a matsayin zamba ko da bai yi niyya ba. Ya tsaya kan katin wurin aikinsa, ya biya kashi 20 ɗinsa, ya nemi mu ba shi rasit mai sunan kowane magani da farashinsa. Aikin haƙori mai tsada, kamar saka na roba, yawancin kamfanoni suna so a nemi izininsu tun kafin a fara, to a nema daga duka biyun.

Malamin makaranta, Mokoyo:

Ina da ƙari game da ƴaƴa. A Amurka suna da ƙa'idar cewa inshorar wanda ranar haihuwarsa ta riga zuwa a cikin shekara, uba ne ko uwa, ita ke fara biya wa yara, amma wannan tsarinsu ne, kada ku ɗauka yana aiki a nan sai kun gan shi a rubuce. Haka kuma mutanenmu da yawa suna zuwa Katsina ko Kano ganin likitan ido, su dawo da rasit na naira, alhali yarjejeniyar tana iya taƙaita biya ga cikin Nijar.

Akawu daga Zariya, Maraɗi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Bagalam, na tambaye shi, ashe ba a taɓa sanar da su ba. Na rubuta wasiƙar neman bayanin biyan, kuma ranar Litinin zan raba wa ma'aikata takarda kowa ya rubuta inshorar da iyalinsa ke ciki. Hajiya, in kin yarda zan turo shi wajenki da katinsa a ƙarshen wata.