Tsohuwar mota mai dizal ta ƙi tashi da safe

Makanikai da direbobi sun fi haɗuwa a kan abu ɗaya: a fara da batir. Injin dizal da zafin matsi yake kama wuta, in sitata na juyawa a hankali ba zai tashi ba, musamman da sanyin hunturu. A goge kawunan batir, a duba wayar bodi, wato wadda ta haɗa batir da jikin mota.

Amma abin da suka fi daɗewa suna magana a kai shi ne iska a layin mai. Motar da ta kwana mai ya koma tanki, sai an danna famfon hannu sannan ta tashi, akwai tiyo ko gammo da ke shan iska. A sauya filta, a zubar da ruwan da ya taru a ƙasanta.

Farin hayaki kuwa yana nuna hita mai ɗumama cikin inji kafin a tayar ta mutu, ko nozul mai fesa mai ya lalace, ko matsi ya ragu. Fesa fetur a bakin da inji ke shan iska don ya tashi, a ganina, lalata inji ne.